Gyambon ƙafar mai ciwon sukari: matakan da za a bi daga ranar da aka gan shi har bayan ya rufe

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani na masu ciwon sukari ne da masu jinyarsu, musamman wanda ƙafarsa ta yi ɗan ciwo ya ƙi warkewa, sati biyu sati uku ana ta wanki ana shafe-shafe amma kullum jiya i yau. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce "me za a shafa?" kuma na gane dalili, shi ne abin da hannu zai iya yi a gida. Amma binciken da aka daɗe ana yi a kan irin wannan gyambo ya nuna abin shafawa shi ne na ƙarshe a layi. Abu huɗu ne a gabansa: jini yana isa ƙafar ko ba ya isa, ƙwayoyin cuta sun shiga ko ba su shiga ba, an cire mataccen nama ko an bar shi, sannan ana taka ciwon ko an ɗauke masa nauyi. In aka tsallake waɗannan, ko maganin da ya fi kowanne tsada aka zuba ciwon ba zai rufe ba.

Kuma abin ba ƙarami ba ne fa. A 2017 Farfesa David Armstrong da abokan aikinsa sun tattara alƙaluma a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, suka ce tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu ciwon sukari za su yi gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma fiye da rabin gyambon nan ƙwayoyin cuta na shiga cikinsa. Yawancin yanke ƙafar da ake yi wa masu sukari daga ɗan ƙaramin ciwo ya faro.

Abin da ke jawo haka shi ne, sukari in ya daɗe a sama yana lalata jijiyoyin ji, ya faro daga yatsu, sai mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya goge shi bai ma sani ba. Fata ta bushe ta yi faso saboda zufa ta daina fita, yatsu su lanƙwashe, nauyin jiki ya taru a wuri ɗaya, kanta ta fito, jini ya kwanta a ƙarƙashinta har wata rana ta fashe ta zama rami. Ga jijiyoyin jini sun ƙuntata, ga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sun yi rauni. Shi ya sa rashin zafi ba alamar sauƙi ba ne ko kaɗan, a ƙafar mai sukari ciwon da ba ya zafi shi ne ma abin tsoro.

Mataki na 1: a duba yau, a je asibiti gobe

Ranar da aka ga ciwo, ko bororo ne kawai ko ɗan tsagu tsakanin yatsu, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da gauz ɗin asibiti mai tsabta, a daina takawa, sannan a nemi likita. A Ingila ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya, ita ce a tura mai irin wannan ciwo wurin ƙwararrun ƙafa cikin kwana ɗaya na aiki, to ka ga yadda suka ɗauki abin. Kafin ka rufe, ɗora rula a gefen ciwon ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta tsawo da faɗi da kwanan wata. Wannan awon zai yi maka amfani sosai nan gaba, zan zo kansa. A kuma tambayi likita batun allurar tetanus.

Mataki na 2: gane ko ƙwayoyin cuta sun shiga

Kowane gyambo akwai bakteriya a kansa, wannan ba shi ne kamuwa ba. Ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar mai sukari, IWGDF, ta sabunta a 2023 tare da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ita ce, ana cewa ciwo ya kamu in aka ga aƙalla biyu cikin alamomi biyar: kumburi ko tauri, ja a kewayen ciwon, zafi in an taɓa, ɗumi fiye da sauran fata, da mugunya. In jan bai kai santimita 2 daga bakin ciwon ba kuma abin a fata ya tsaya, ƙaramin kamuwa ne. In ya kai santimita 2 ko ya wuce, ko ya nutsa ya taɓa tsoka, jijiya, gaɓa ko ƙashi, ya zama matsakaici. In kuma jiki ya amsa da aƙalla biyu cikin waɗannan, zazzaɓi sama da digiri 38 ko sanyin jiki ƙasa da 36, bugun zuciya sama da 90 a minti, numfashi sama da 20, to wannan mai tsanani ne, kwanciya asibiti ce.

Wani abu da ya kamata a sani, a fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi, don haka ka yi amfani da bayan hannunka ka kwatanta ɗumin ƙafafun biyu. Ka zana layi da biro a iyakar inda launin ya canza, in gobe ya tsallake layin to cutar na tafiya.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu: yatsa ya yi baƙi ko shuɗi, wari mai ƙarfi ya taso, jan ya fara hawa sama zuwa ƙwauri, fata na ƙaras-ƙaras in an danna kamar akwai iska a ciki, rawar sanyi, amai, ruɗewa, ko sukari ya haura ya ƙi sauka ba dalili. Don Allah a tafi sashen gaggawa a daren, domin cuta a cikin ƙafa na iya bin jijiya ta cinye wuri mai yawa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Mataki na 3: a tabbatar jini na zuwa

Wannan shi ake yawan mantawa da shi. Kusan rabin masu gyambon ƙafa suna da matsalar jijiyoyin jini, kuma ƙafar da jini ba ya isa kamar shukar da aka datse wa ruwa ce, ko taki nawa ka zuba ba za ta tashi ba. Har maganin da aka sha ma ai jini ne ke kai shi wurin. Likita zai taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, amma taɓawa kaɗai ba ta isa ba, ka roƙi a auna da na'urar dofla a kwatanta matsin jinin idon sawu da na hannu. In sakamakon ya yi ƙasa da 0.9 akwai alamar toshewa. Sai dai a masu sukari jijiyoyin kan yi tauri awon ya fito kamar lafiya lau alhali ba haka ba ne, shi ya sa ake ƙarawa da awon matsin jinin babban yatsa. In matsin jinin idon sawu ya yi ƙasa da 50 ko na yatsa ƙasa da 30 a ma'aunin hawan jini (mmHg), a gaggauta ganin likitan tiyatar jijiyoyin jini, su ne ke buɗe hanyar da ɗan balan-balan ko su yi wa jinin sabuwar hanya ta gefe.

Mataki na 4: cire mataccen nama

Nan ne mutane ke tsorata, su ga nas ko likita ya ɗauko aska yana yankar gefen ciwo har ya ƙara faɗi, su ce ana ƙara ɓata shi. Ba haka ba ne wallahi. Kantar da ta kewaye ramin tana danna shi ne duk lokacin da aka taka, kuma sabuwar fata ba ta iya hawa kan mataccen nama, sannan sau da yawa sai an yanke ake ganin ainihin zurfin ramin da mugunyar da ta ɓuya.

Akwai kuma dalili na biyu da bincike ya fito da shi, wato bayofim. Bakteriya in suka daɗe a wuri sukan haɗu su gina wa kansu wani rufi mai yauƙi su maƙale a ciki, irinsa ne dattin da ke manne wa haƙori. A cikin rufin nan antibayotik ba ya cin su yadda ya kamata, garkuwar jiki ma ba ta iya kai musu, sai ciwon ya zauna cikin kumburi wata da watanni. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2008 ya gano bayofim a kashi 60 cikin 100 na tsofaffin raunuka da aka duba, amma a sababbin raunuka kashi 6 kawai. Hanyar da ta fi aiki a kansa har yau ita ce a kankare shi, kuma yana dawowa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa yankan ba na rana ɗaya ba ne, ana maimaitawa gwargwadon yadda likita ya gani, sau da yawa sati-sati.

Abu biyu a kiyaye. Kar a taɓa yin wannan a gida da reza ko almakashi ko maganin cin kanta mai asid. Sannan in ɓawon baƙi ne busasshe, musamman a dunduniya, kuma jini ba ya zuwa sosai, ba a yanka shi ba a jiƙa shi sai an gyara hanyar jini tukuna.

Mataki na 5: ɗauke nauyi daga kan ciwon

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya da ya fi raba wanda ya warke da wanda bai warke ba a gyambon tafin ƙafa, wannan zan zaɓa. Duk taku ɗaya yana murƙushe ɗan sabon naman da jiki ya kwana yana ginawa, kuma tunda ba a jin zafi babu abin da zai tsayar da mutum. Mai lafiyayyar jijiya in ya ji ciwo ɗingishi zai yi ko ba a ce masa ba, mai sukari kuwa tafiyarsa zai yi garau a kan rami.

Abin da ƙa'ida ta sa a gaba shi ne na'urar da ta kai gwiwa wacce majinyaci ba zai iya cirewa ba, ko dai siminti irin na karaya da ake yi daidai da siffar ƙafar ya raba nauyi ko'ina, ko babban takalmin asibiti da aka ɗaure yadda ba ya ciruwa. Me ya sa sai wanda ba ya ciruwa? A 2003 an saka wa majinyata masu takalmin da ake cirewa na'urar ƙirga taku, sai aka ga kashi 28 cikin 100 kawai na takunsu na yini suke yi da takalmin. Ba wai taurin kai ba ne, mutum ne dai, zai ce ai banɗaki kawai zan shiga, ai cikin ɗaki ne, nan zuwa can ne, kuma waɗannan ƙananan takun su ne mafi yawa a yini.

Amma simintin ba na kowa ba ne. In kamuwar mai tsanani ce ko jini ya yi ƙaranci sosai, a fara magance su, a yi amfani da wanda ake cirewa domin a riƙa duba ciwon. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, akwai takalmi mai ɗauke nauyin gaban ƙafa, akwai soso na musamman da ake yankawa a kewaye ciwon, ga sandar dogarawa ga keken majinyata. Sannan a lura da ɗaya ƙafar, domin yanzu ita ke ɗaukar kaya, kuma mai kwanciya a ɗaga masa dunduniya da filo a ƙarƙashin sha-raɓa kar ta riƙa gogar katifa.

Mataki na 6: antibayotik, in ya kama

Gyambon da ba shi da alamun kamuwa ba a ba shi antibayotik, ba ya sa shi saurin warkewa kuma ba ya kare shi, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. In ya kamu kuwa, ya fi kyau a wanke a kankare sannan a ɗebi ɗan nama daga ƙasan ciwon a kai ɗakin gwaji, domin auduga da aka goga a sama takan kwaso ƙwayoyin da ba su ne masu laifin ba. Wacce aka fi samu ita ce istaf, har da nau'inta mai taurin kai da ake kira MRSA, a ƙasashe masu zafi kuma ana yawan samun wata mai suna sudomonas, tsohon ciwo mai zurfi kuwa yakan tara iri-iri a lokaci ɗaya.

Kamuwar fata da nama yawanci sati 1 zuwa 2 ne, in ta yi faɗi ko tana jan ƙafa wajen sauka a kai sati 3 zuwa 4. Ana tsayawa ne in alamun kamuwa sun tafi, ba sai ramin ya rufe ba. In akwai mugunya a ƙunshe a ciki magani kaɗai ba zai yi ba, sai an tsaga an fitar.

Batun ƙashi kuma, likita kan saka ɗan ƙarfe mai tsabta cikin ramin, in ya ji ya taɓa ƙashi akwai zargin cutar ta kai can, sai a yi hoton ƙashi da gwajin jini. Hoton farko na iya fitowa lafiya domin canjin kan ɗauki sati biyu zuwa uku kafin ya bayyana, shi ya sa ake maimaitawa ko a yi hoton MRI da ya fi nuna cikin jiki dalla-dalla. Cutar ƙashi in ba a cire ƙashin ba maganin kusan sati 6 ne.

Mataki na 7: wanki da rufewa

Sai yanzu muka zo kan abin shafawa. Tun 1962 George Winter ya nuna a gwajinsa cewa rauni mai ɗan danshi ya fi wanda aka bari ya bushe saurin yin fata, don haka maganar "a bar shi ya sha iska" a ajiye ta. Wanke hannu, sa safar hannu, cire tsohon bandeji a hankali, in ya manne a jiƙa shi da ruwan gishirin asibiti, a wanke ciwon da shi ko da ruwan sha mai tsabta, a tsane fatar gefe, a rufe. Ciwo mai zubar ruwa da yawa yana son abin da ke tsotsewa, busasshe yana son abin da ke ba shi danshi, kuma in bandeji ya jiƙe har waje a canza ko lokaci bai yi ba. Kar a ɗaure tamau. Kar a tsoma ƙafar cikin ruwa a bar ta, balle ruwan zafi. Sifirit da haidirojin da ke kumfa suna ƙona sabon nama, a bar su.

Zuma fa? Gaskiya ne tana kashe bakteriya a ɗakin gwaji, kuma akwai wacce aka tace aka kashe ƙwayoyin cikinta domin aikin asibiti, amma da aka auna ta a gyambon masu sukari hujjar ba ta yi ƙarfi ba, shi ya sa ƙa'idar 2023 ba ta ba da shawarar amfani da ita domin warkarwa ba, haka ma bandeji mai azurfa ko aidin da haɗe-haɗen ganye. Abin da ke damuna da waɗannan shi ne satuttukan da ake ɓatawa ana jiran su yi aiki alhali ana taka ciwon.

Mataki na 8: sukari, abinci, taba

A riƙa auna sukari a kai a kai, kamuwa na ɗaga shi, wani sai an mayar da shi kan insulin na ɗan lokaci kuma wannan ba ci baya ba ne. Gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, ga yawancin manya ana son ya zauna wajen kashi 7, amma likita ne zai tsayar wa kowa nasa. Jiki na buƙatar abinci mai gina jiki domin yin sabon nama, mai ciwon ƙoda ya tambaya kafin ya ƙara. Taba kuma a daina gaba ɗaya, tana matse jijiyoyin da dama a matse suke.

Mataki na 9: awon sati huɗu

Ka tuna hoton nan da rula? Wani bincike na 2003 ya nuna gyambon da bai ragu da kusan rabi cikin sati 4 ba da wuya ya rufe a sati 12. To in sati huɗu ya cika ba a ga haka ba, a koma baya a sake tambaya: ana takawa a ɓoye ne, jini ne bai isa ba, ko ƙashi ne ya kamu? Sai an amsa waɗannan ake maganar ƙarin dabaru.

Kuma akwai su. A gwajin Explorer da aka yi a ƙasashen Turai aka buga a 2018, bandeji mai sinadarin sukuros oktasalfet ya rufe kashi 48 cikin 100 na gyambo cikin sati 20, na gama-gari kuma kashi 30, a ciwon da bai kamu ba mai ɗan ƙarancin jini. A shekarar dai wani faci da ake haɗawa daga jinin majinyacin kansa ya ba da kashi 34 a kan 22. Injin tsotsa da ake manna wa rauni ya fi nuna amfani a raunin bayan tiyata, a gwajin 2005 kashi 56 suka warke a kan 39. Ɗakin iskar oksijin mai matsi ya taimaka a wani gwaji a Suwidin a 2010, wasu gwaje-gwajen bayansa kuma ba su ga haka ba, don haka ƙari ne ga wanda aka zaɓa da kyau. Tsutsar ƙuda da ake kiwo a ɗakin gwaji cikin tsabta tana cinye mataccen nama da sauri ta bar mai rai, Amurka ta amince da ita tun 2004, sai dai babban gwajin da aka yi a Ingila kan gyambon ƙwauri ya nuna tana saurin tsabtace ciwo amma ba ta rage kwanakin warkewa ba. Ana kuma ci gaba da gwada bairos masu cin bakteriya, dabarar da cibiyar Eliava ta Tibilisi a ƙasar Jojiya ke aiki da ita tun 1923, an dawo kanta ne saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, amma har yanzu a matakin bincike take.

Mataki na 10: bayan ya rufe

Kusan kashi 40 cikin 100 gyambon na dawo musu cikin shekara ɗaya, kusan kashi 60 cikin shekara uku, domin sabuwar fatar ba ta da ƙwari kuma abin da ya jawo ciwon yana nan. Kar a koma tsohon takalmin da ya yi ɓarnar, a nemi wanda aka auna da ƙafar mai shimfiɗa ta musamman a ciki, a sa shi har cikin gida, a ƙara yawan tafiya kaɗan-kaɗan. Kullum a duba ƙafa sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko wani ya duba maka, a zura hannu cikin takalmi kafin a sa, a shafa mai amma ban da tsakanin yatsu, a yanke farce a miƙe, kar a kusanta ƙafa da wuta ko robar ruwan zafi. Mai ma'aunin zafin fata ya riƙa auna wuri ɗaya a ƙafafun biyu, in bambancin ya wuce digiri 2.2 kwana biyu a jere a rage tafiya a kira asibiti, sau da yawa ɗumin kan riga ciwon fitowa. In kuma ƙafa ta kumbura ta yi ɗumi babu rauni, a daina taka ta a je a duba da wuri, yana iya zama ciwon Sharko da ke rugurguza ƙasusuwan ƙafa a hankali. Wanda ya taɓa yin gyambo ana son ƙwararre ya riƙa duba ƙafarsa duk wata 1 zuwa 3, ko da ba ya ganin komai.